Blade na Mahershala Ali: mu ci gaba da jira ko mu haƙura?

Abba Kurna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da rigima na zo. Ni fa har yanzu ina jiran fim ɗin Blade, jarumin Marvel mai farautar masu shan jini, wanda aka ce ɗan wasan Amurka Mahershala Ali zai fito a matsayinsa, kuma ban ga abin da zai sa in cire rai ba. Tun watan Yulin 2019 aka sanar da shi a babban taron masoya littattafan kwamik na San Diego, lokacin da Kevin Feige, shugaban Marvel Studios, ya kira Mahershala kan dandamali, shi kuma ya zaro hula mai tambarin Blade ya ɗora a ka. A watan Yulin 2025 Feige ya sake tabbatar wa 'yan jarida cewa fim ɗin yana nan, kuma sun tsayar da shawarar labarin zai faru a wannan zamanin ne. Shi ma Mahershala, da aka tare shi da tambaya wajen tallata Jurassic World Rebirth, cewa ya yi a kira Marvel a faɗa musu shi a shirye yake. Jarumi a shirye, mai kamfani bai ce ya fasa ba. To masu yi mini dariya, musamman Ɗan Agadas, ku fito mu yi ta a fili.

Ɗan Agadas: Wa alaikumus salam. Mutumina, jiran gawon shanu kake yi. An daɗe ana gafara sa, ko ƙaho ba mu gani ba. Bari in tuna maka ranakun da aka sa. Da farko 3 ga Nuwamban 2023. Aka ɗaga zuwa 6 ga Satumban 2024. Aka sake turawa 14 ga Fabrairun 2025. Daga nan 7 ga Nuwamban 2025. A watan Oktoban 2024 sai Disney, kamfanin da ya mallaki Marvel, ta cire shi daga jadawali gaba ɗaya, ta ba wa sabon fim ɗin Predator ranar. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, to ita wannan uwar ɗiyar sau huɗu tana jin kunya.

Sadiya Zariya: Abin da na sani kawai, tun da aka yi sanarwar nan muryarsa kaɗai muka ji a ƙarshen Eternals a 2021. Ko fuskarsa ba a nuna ba.

Abba Kurna: Ai muryar ma alama ce, ƙanwata.

Ɗan Agadas: Alamar me? Telan da ya riƙe maka ɗinki Sallah biyar, ya aiko maka da maɓalli ɗaya, sai ka ce alama ce?

Malam Habu: Ku bar ɗan uwanku ya yi magana, amma shi ma Ɗan Agadas yana da hujja. Matsalar ba ta tsaya ga ranaku ba, mutanen da ake ta sauyawa ne abin dubawa. Daraktan farko, Bassam Tariq, ya ajiye aikin a Satumban 2022, saura makonni kaɗan a fara ɗauka a Atlanta. Aka kawo Yann Demange. Ana shirin farawa a 2023 sai yajin aikin marubutan Hollywood ya tsayar da komai a watan Mayu. A 2024 shi ma Demange ya tafi. Marubuta kuwa sun shiga sun fita: Stacy Osei-Kuffour, Beau DeMayo, Michael Starrbury, Nic Pizzolatto, Michael Green, Eric Pearson. Idan ka ga labari ɗaya ya ratsa hannun marubuta haka, to ba su ne ba su iya ba. Mai kayan ne bai san abin da yake so ba. Feige da bakinsa ya ce an rubuta labarin kala huɗu, biyu a zamanin da, biyu a na yanzu.

Musbahu Kumasi: Malam, ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mene ne mai wahala a labarin Blade? Mutum ne mai takobi da baƙar doguwar riga ta fata da baƙin tabarau, yana kashe masu shan jini. Shi ke nan. Wannan har sai an tara marubuta shida?

Malam Habu: Ai irin wannan maganar Feige ya ba wa amsa. Cewa ya yi ba sa so su sa masa rigar fata kawai su ce je ka yi ta kashe bamfayoyi, wato masu shan jinin nan, suna son wani abu na daban. Ya kuma amsa cewa lokacin ne suka yi wa kansu yawa da shirye-shiryen Disney+, inganci ya faɗi, sai suka taka birki.

Musbahu Kumasi: To mu kuma rigar fatar da kashe bamfayoyin muke so. Wa ya aike su neman abu na daban?

Abba Kurna: A nan zan saɓa da kai, Musbahu. Idan abin da Wesley Snipes ya yi a fim ɗin Blade na farko a 1998 za a maimaita, me ya sa za a ɗauko mutumin da ya ci Oscar biyu, ɗaya a Moonlight ɗaya a Green Book? Kada ku manta, ba Marvel ce ta neme shi ba. Shi ne ya kira su bayan ya ci ta biyun a 2019, ya ce yana so ya yi Blade. Mutumin da ya nemi aiki da kansa ba zai yarda a ba shi labarin da bai nuna ba. Ni jinkirin nan yana ba ni haushi, amma ya fi mini a ce sun yi gaggawa sun kawo mana irin Morbius na 2022 ko Kraven na 2024. Waɗannan ai sun fito. Waye a cikinku ya kalle su sau biyu?

Sadiya Zariya: Yaya Abba, Morbius da Kraven na Sony ne, ba na Marvel Studios ba.

Abba Kurna: Na sani. Misalin gaggawa na kawo.

Baban Ilham: Yara, ku ba ni wuri. Ni a gidan kallo na ga Blade na farko, a kaset, talabijin ɗin tana kan tebur an ɗora wani benci a kai don na baya su hango. Ba fassara a lokacin, Turancin ma rabi muke tsinta, amma babu wanda ya nemi bayani. Fim ɗin yana farawa wata mace ta ja wani saurayi zuwa gidan rawa da ke ɓoye a bayan mayanka, ana ta kiɗa, can sai ɗigo ya faɗo masa a hannu, ya duba ya ga jini ne. Kafin ya ankara bututun kashe gobara na saman ɗakin duk sun buɗe suna feshin jini, mutanen da yake rawa da su suka fito da haƙora. Yana rarrafe cikin jinin nan yana neman hanyar fita sai ya ci karo da takalma, tsaf, ko ɗigo babu a jikinsu. Kyamara ta ɗaga sama. Wallahi gidan kallon nan gaba ɗaya aka miƙe ana ihu, mai gidan yana ta cewa a zauna. Har ya gama da su da ƙyar ya yi magana. Wannan shi ne Blade a wurina. Duk wanda zai sake yin sa, minti goma na farko zan duba.

Ɗan Agadas: Allah ya ja da ran Baba. Kun ji masu abin.

Hauwa Marubuciya: Baba ya taɓo inda nake so a je. Mutane suna tuna faɗan, suna manta halin mutumin. Blade ba jarumin kirki ba ne irin Captain America. Ku sake kallon fim ɗin. Likitar nan Karen da aka ciza, ya ceto ta, amma daga baya ya sake ta ta koma gida yana sane sarai za a biyo ta, don ya yi tarko da ita. Da ɗan sandan da ke yi wa bamfayoyi aiki ya zo kashe ta, Blade ya kama shi ya yi masa dukan kawo wuƙa, sannan ya cire masa agogo ya sa a aljihu. Karen ta ce sata kuma? Ya nuna mata da irin wannan suke ɗaukar nauyin aikinsu. Ba ya lallashi, ba ya ban haƙuri, ba ya ceton mutane don yana ƙaunarsu. Ƙiyayyar abin da ke cikin jininsa ce ke tuƙa shi. An ciji mahaifiyarsa tana ɗauke da cikinsa, aka haife shi da ƙarfinsu da ƙishirwarsu, amma shi rana ba ta ƙona shi. Kullum sai an ɗaure shi a kujera an yi masa allura don kada ƙishirwar jini ta rinjaye shi. A ƙarshe ya tarar mahaifiyar da ya ɗauka ta mutu tana raye a cikin abokan gaba, kuma da hannunsa ya kashe ta. Yanzu ku gaya mini, a ina za a ajiye irin wannan mutumin a gidan Marvel na yau, inda kowa sai ya yi barkwanci ana tsakiyar yaƙi, kuma kowane fim sai ya share wa na gaba hanya? A ganina nan gizo ke saƙar. Labarin bai gagare su ba, halinsa ne bai shiga tsarinsu ba.

Malam Habu: Hauwa, kin gama magana. Kuma abin mamaki, shi ne ya buɗe musu ƙofar. Marvel ta shiga fatara har ta nemi kariyar kotu a 1996. Shekara biyu bayan nan New Line Cinema ta fitar da Blade, Stephen Norrington ya ba da umarni, David S. Goyer ya rubuta. An kashe kimanin dala miliyan 45, ya dawo da fiye da miliyan 130. Sai bayansa X-Men ya zo a 2000, Spider-Man a 2002, Iron Man a 2008. Baƙin jarumi ya ja fim ɗin Marvel shekara 20 kafin Black Panther.

Yusuf Garwa: Ni fa ban yarda cewa Disney ba za ta iya fim mai jini ba. Deadpool & Wolverine na 2024 na manya ne zalla, zagi da yanka babu irin wanda babu, kuma ya tara fiye da dala biliyan 1.3. Demange ma kafin ya tafi ya ce nasa na manya zai zama.

Hauwa Marubuciya: Yusuf, jini daban, duhu daban. Deadpool yana yanka mutum yana ba ka dariya. Blade idan ya yanka, ba ka da abin dariya. Logan na 2017 shi ne ya fi kusa da abin da nake nufi, kuma Fox ce ta yi shi kafin Disney ta saye ta.

Yusuf Garwa: To Werewolf by Night na 2022 fa? Marvel Studios ce ta yi, fari da baƙi, bai kai awa ɗaya ba, kuma da duhunsa.

Hauwa Marubuciya: Wannan na ba ka. Amma a talabijin suka saka shi, inda babu asarar da za ta tayar musu da hankali.

Ɗan Agadas: Tun da an ambaci Deadpool & Wolverine, Abba, ka tuna abin da ya faru? Wesley Snipes ya fito a ciki, furfura a gemu, yana da shekara sama da 60, sinima ta kaure da ihu. Har ya ce Blade ɗaya aka taɓa yi kuma ɗaya za a yi har abada, Deadpool ya juyo ya kalli kyamara. Kamfanin da kake jira ne da kansa ya bari aka yi wa fim ɗinka shaguɓe. Snipes har kundin Guinness ya shiga da wannan fitowar, a matsayin wanda ya fi kowa daɗewa yana taka rawar wani jarumin Marvel.

Abba Kurna: Maganar Blade ɗaya ɗin ma ba daidai ba ce. A 2006 an yi shirin talabijin na Blade, mawaƙin nan Sticky Fingaz ne ya fito a matsayinsa.

Ɗan Agadas: Zango ɗaya aka yi aka rufe. Ka ga hujjata ke nan.

Musbahu Kumasi: Ni ina bayan Snipes. Mutumin nan tun yana yaro yake koyon karate, faɗansa na gaske ne, ba dabarar kyamara ba. Ku duba Blade II na 2002 da Guillermo del Toro ya ɗauka a Prague, inda har Donnie Yen ya fito kuma ya taimaka wajen tsara faɗa. Mahershala gwani ne a magana da kallo, amma an haife shi a 1974. Lokacin sanarwa yana da 45, yanzu ya haura 50. Idan fim ɗin ya fito ya karɓu, za a so na biyu da na uku. Da wane gwiwa?

Sadiya Zariya: Musbahu, kada ka manta da na uku. Blade: Trinity na 2004 da Snipes ɗin aka yi shi, kuma kowa ya san yadda ya kasance. Rabin fim ɗin Ryan Reynolds ne ke surutu.

Musbahu Kumasi: Wannan ba na lissafa shi.

Abba Kurna: Batun shekaru bai dame ni ba. Keanu Reeves yana da 50 ya fara John Wick a 2014, kuma ya yi guda huɗu. Sannan duk wanda ya ga Mahershala a matsayin Cottonmouth a Luke Cage na 2016 ya san mutumin nan zai iya tsorata ka yana zaune a kujera yana dariya. Da aka kashe shi a tsakiyar zangon, shirin bai sake daɗi ba. Blade ɗin da nake hangowa ke nan: dattijo wanda ya gaji, ya daɗe yana wannan aikin, ya binne duk wanda ya sani, ba ya ɓata ƙarfinsa a tsalle-tsalle. Sara ɗaya ya wuce.

Nura Mai Waya: Ni dai ina goyon bayansa ne saboda Musulmi ne. Ya musulunta tun wajen shekarar 2000.

Baban Ilham: Allah ya ƙara mana shiriya baki ɗaya, amma Nura, a nan takobi muke dubawa. Mu tsaya a fim.

Malam Habu: Akwai abin da masu cewa kada a canja Blade ba su sani ba. Wanda kuka sani ɗin ma canjajje ne. Marv Wolfman da Gene Colan ne suka ƙirƙiro shi a 1973, a fitowa ta 10 ta littafin The Tomb of Dracula. A can ɗan Landan ne, an haife shi a unguwar Soho, yana da tulin gashi irin na shekarun 1970, kuma da wuƙaƙen katako yake faɗa. Ba shi da wani ƙarfi na musamman, cizon bamfaya ne kawai ba ya kama shi. Takobi, baƙar riga, allura, duk fim ne ya kafa su, daga baya littattafan suka bi sahu. Whistler, tsohon nan mai ɗingishi da ke ƙera masa makamai, wanda marigayi Kris Kristofferson ya taka, babu shi a littattafan farko. Saboda haka idan Goyer da Snipes sun samu damar sake gina shi, ban ga dalilin hana Mahershala ba.

Hauwa Marubuciya: Shi ya sa na ji zafin jin cewa sun watsar da labarin zamanin da. An ce ɗaya daga ciki a shekarun 1920 aka tsara shi, har Ruth E. Carter, wadda ta ci Oscar da kayan Black Panther, ta tara tufafin. Da aka fasa, kun san inda kayan suka tafi? Sinners na Ryan Coogler. Furodusan fim ɗin ya ce Marvel ta sayar musu, suka sa wa 'yan wasan da ke cika fage a bayan manyan jarumai. Delroy Lindo ma da farko yana cikin 'yan wasan Blade, ya fita, sai ga shi a Sinners. Fim ɗin masu shan jini, baƙaƙen fata, Mississippi ta 1932, na manya, ba a jingina shi da wani littafi ba, ya tara fiye da dala miliyan 360 a 2025. Abin da Marvel ta yi shekara shida tana tsoro, wani ya zo ya yi da kayanta.

Sadiya Zariya: Kuma 'yar garinmu tana ciki! Wunmi Mosaku, wadda ta fito a matsayin Annie, a Zariya aka haife ta a 1986 kafin iyayenta su koma Manchester. Ita ce kuma Hunter B-15 a Loki.

Ɗan Agadas: Zazzagawa ba ku barin ko ɗaya ta wuce.

Yusuf Garwa: Amma Hauwa, nasarar Sinners ba ta zama matsala ga Blade ba? Yanzu duk abin da suka kawo da shi za a auna.

Hauwa Marubuciya: Ta zama, kuma ina ganin dalilin komawa zamanin yanzu yana da nasaba da hakan, duk da wannan hasashena ne. Amma ta kuma toshe musu bakin uzuri. Babu wanda zai sake cewa babu kasuwa.

Abba Kurna: To ga abin da nake roƙo, ko da babu mai ji na a can. Kada a kashe dala miliyan 200. Deadpool na farko a 2016 da kimanin miliyan 58 aka yi shi, bayan ya yi shekaru a ajiye sai da gwajin hotonsa ya fita intanet a 2014 masoya suka tayar da ƙura, kuma ya tara fiye da miliyan 780. Ɗan Agadas, ka lura, wannan ma an ce ba zai taɓa fitowa ba. A ba Blade gari ɗaya, dare ɗaya ko biyu, bos ɗaya mai nauyi. Kada a buɗe wata ƙofa a sararin sama, kada wani Avenger ya leƙo ya yi barkwanci. A bar shi da halinsa, ya yi abin da zai sa mai kallo ya ce anya wannan mutumin kirki ne kuwa. Idan suna so su haɗa shi da su Ghost Rider da Moon Knight, su bari sai ya tsaya da ƙafarsa tukuna.

Musbahu Kumasi: Wane bos kake so? Deacon Frost na fim ɗin farko kuma?

Abba Kurna: A'a, Stephen Dorff ya gama da wannan. Dracula kuma Trinity ta ɓata shi. An sanar da Mia Goth a cikin 'yan wasa tun 2023, kuma duk wanda ya ga Pearl ya san abin da za ta iya. Idan ita ce bos ɗin, ni na gamsu.

Ɗan Agadas: Ga tayi. Kamfanin Arkane na Lyon ya sanar da wasan bidiyo na Blade a Disamban 2023, wanda labarinsa ke faruwa a Paris. Na ce wasan zai riga fim ɗinka fitowa. Idan fim ya riga, zan aiko maka da kilishi daga Agadas, ɗauri guda.

Baban Ilham: Ku mai da shi kyauta dai, kada ya zama caca.

Ɗan Agadas: Kyauta ce, Baba. Shi ba sai ya sa komai ba, na san ba zan biya ba.

Abba Kurna: Na karɓa. Sadiya, ki ɗauki hoton maganar nan ki ajiye, mutumin nan ya iya goge saƙo.

Sadiya Zariya: Na ɗauka. Amma idan kilishin ya zo, kashi uku za a yi.

Nura Mai Waya: Jama'a, ni fa ban taɓa kallon ko ɗaya ba, da wanne zan fara?

Baban Ilham: Kai ne kake goyon baya tun ɗazu ba ka kalla ba? Fara da na 1998, ka bi da na 2002. Kada ka kalle su da yara a ɗaki. Na ukun kuma ka tambayi Musbahu.